Jinyar ciwon daji a Turkiyya: abin da kuɗinmu ya saya da abin da ba a sayar wa baƙo

Tun da muka dawo Birnin Kebbi da Yayata daga jinya a Santambul, kusan duk wanda ya zo dubiya sai ya ja ni gefe kafin ya fita, ya sassauta murya ya ce, "Don Allah asibitin nan na Turkiyya yana da kyau? Muna da mara lafiya." Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan kama sunan asibitin ba, haka ma kamfanin da ya shirya mana tafiyar, domin akwai yabo akwai ƙorafi a maganata, kuma irinsu suna da yawa a can.

Hukuncina shi ne: aikin likitocin ya yi kyau ƙwarai, ba ni da abin cewa sai godiya. Kamfanin da ya yi mana dillanci bai cika alkawari ba. Sai kuma abu na uku da babu wanda ya gaya mana kafin mu tashi, wanda sai da na zauna kafaɗa da kafaɗa da Turkawa masu irin ciwon Yaya na gane shi. Abubuwan da ke sa Baturke mai ciwon daji ya ci gaba da rayuwa cikin mutunci, mafi yawansu ba sa cikin takardar kuɗin da ake miƙa wa baƙo.

Yaya ta haura shekara arba'in, sana'arta gumin shinkafa, tana da mata da ke yi mata aiki. Ta daɗe da jin ƙullutu a nononta na hagu ta yi shiru, daga baya aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, sai da fatar wurin ta fara canzawa sannan aka je asibiti. A nan gida aka fara dubawa, aka tura mu Sakkwato, aka yanki tsoka aka auna, aka ce sankarar mama ce. Ina so a riƙe wannan da kyau: da muka isa Santambul suka sake auna tsokar da muka tafi da ita, sakamakonsu bai saɓa wa na Sakkwato ba ko kaɗan. Likitocinmu sun san aikinsu. Abin da ya ɗaga mu shi ne tsoron jiran layin na'urar gashi, wadda ke ƙona ƙwayoyin ciwon da haske mai ƙarfi, domin na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan, masu buƙata kuwa sun yi yawa. Mijinta ya sayar da gonarsa ɗaya ta fadama, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, muka bi jirgi daga Abuja, tafiyar da ta ɗan haura awa shida.

Asibitin yana ɓangaren Asiya na birnin, nesa da sabon filin jirgin da suka buɗe a 2018, amma direba na jiranmu da takarda ɗauke da sunan Yaya. Cikin makon farko aka gama awon jini, da hoton jiki gaba ɗaya, da sake duba tsoka. Duk wanda zai je ya roƙi ɗakin awon da ya yi masa gwajin farko ya ba shi gilasan da aka duba tsokar a kansu da dunƙulen tsokar da aka daskarar, zai rage masa kuɗi da sake yanka. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba likita ɗaya ya yanke hukunci ba. Mai tiyata, da mai ba da kemo, wato ruwan maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji, da mai gashi, da mai karanta hoto suka zauna a kan fayil ɗin Yaya, sannan likitar kemo, wata mace mai natsuwa, ta kira mu ta zana mana tsarin a farar takarda: kemo tukuna don ƙullutun ya motse, sai tiyata, sai gashi, sai ƙwayar da za ta riƙa sha kullum na shekaru.

Kafin a fara suka dasa mata wata 'yar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji, ta nan ruwan magani ke shiga, don kada a yi ta farautar jijiya a hannu har ta ƙone. Kullum kafin kemo sai an sa mata maganin hana amai. Suka ba mu kati mai lambar waya, suka ce idan zafin jikinta ya kai 38 kada mu jira gari ya waye, kada mu ba ta komai, mu taho, domin kemo na karya ƙwayoyin jinin da ke kare jiki. Mu da muka saba da cewa duk zazzaɓi na cizon sauro ne, a sha magani a kwanta, wannan gargaɗin ya yi mana amfani. Ya faru da dare, muka kira, aka ɗauka, kafin mu iso an shirya gado.

A ɗakin kwanciya akwai kujerar da ke buɗewa ta zama gadon mai jinya, kuma abinci biyu ake kawowa, na mara lafiya da na mai zama da shi. Tsarinsu ya san cewa mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai masallaci a ƙasan ginin da ɓangaren mata, ana jin kiran salla ta taga, ba ka tambayar ko nama na halal ne. Ga Bahaushiya wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Tsabta kuwa ba a magana.

Inda na ga gazawarsu a aikin jinya shi ne baƙar fata. Lokacin gashi, wanda ake yi kwana biyar a mako, nas ɗin takan tambaya ko wurin ya yi ja. Fatar Yaya ba ta yin ja, ƙara duhu take yi, tana ƙaiƙayi, tana saɓulewa a ƙarƙashin hamata. Sai da na matsa, na ɗaga hannunta na nuna, sannan aka kira likita ya rubuta man shafawa. Ba mugunta ba ce, ido ne bai saba ba. Mai jinya ya buɗe nasa idon.

Yanzu ga zauren kemo, inda na yi karatun da ya sa na ce akwai abu na uku. Kujeru ne a jere, kowa da ruwansa a rataye, ana shafe awoyi. Asibitin na kuɗi ne, amma yawancin na zaune Turkawa ne talakawa da matsakaita, ba attajirai ba. Na yi mamaki. Da taimakon tafinta da fassarar waya na fara hira da su, su kuma mutane ne masu son baƙo, kafin ka ce me an miƙo maka shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas. Akwai wata dattijuwa daga Trabzon, can bakin Baƙin Teku, da ke zaune wurin 'yarta. Akwai wani tsohon direban bas mai sankarar huhu. Akwai wata malamar firamare, tsarar Yaya, mai irin ciwonta.

Su katin ɗan ƙasa kawai suke nunawa. Turkiyya ta fara gyaran tsarin lafiyarta a 2003, ta haɗe hukumomin inshora wuri ɗaya a 2006 ƙarƙashin hukumar da suke kira SGK, daga 2012 kuma inshorar lafiya ta zama dole a kan kowa, wanda ba shi da hali gwamnati ke biya masa. Dokarsu ta hana asibitin kuɗi da ya ƙulla yarjejeniya da hukumar ya karɓi ƙarin kuɗi a kan kemo da gashi. Ke nan ruwan da ke shiga jikin malamar nan da wanda ke shiga jikin Yaya iri ɗaya ne, kujera ɗaya, nas ɗaya, amma ita ba a sayar da komai a gidansu ba. Idan an cire mata ruwa sai ta gyara ɗankwali ta ce za ta biya ta ɗauko ɗanta daga makaranta. Yaya kuwa idan an cire mata, abin da take fara tambayata shi ne, "Nawa ya rage?"

Ba ina cewa Turkawa ba sa kuka ba ne. 'Yar dattijuwar ta gaya mini akwai sababbin magunguna masu tsada da inshorar ba ta biya, har wasu iyalai kan kai hukumar kotu kafin a ba su. Ta ce samun ranar ganin likita a asibitin gwamnati kan ɗauki lokaci. Tsadar rayuwa ma ta taɓa su sosai, a watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 85 cikin ɗari a lissafin gwamnati, kuma wanda ya baro garinsu ya zo babban birni jinya shi ke biyan haya da mota da cefane. Direban nan ya ce kuɗin fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma bambanci ne babba tsakanin mai kukan tsadar nama da mai lissafin ko zai iya biyan kemo na gaba.

Akwai wata takarda da suke ba marasa lafiya su cike lokaci-lokaci, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na gani. Tambayoyi 30 ne, wata ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai ta tsara su, an fassara su zuwa Turkanci da wasu harsuna masu yawa. Babu tambaya ko ɗaya a kan girman ƙullutu. Ana tambaya: kina shan wahala wajen ɗaukar kaya mai nauyi? Kina iya doguwar tafiya? Kina buƙatar a taimaka miki wajen wanka ko sa tufafi? Kin yi barci? Abinci na shiga? Kina cikin damuwa? Ciwon ya shiga tsakaninki da iyalinki? Ya hana ki shiga mutane? Ya jefa ki cikin matsin kuɗi? Kowace tambaya amsarta daga 1 zuwa 4, biyun ƙarshe kuma daga 1 zuwa 7, inda mutum zai auna lafiyarsa da jin daɗin rayuwarsa a makon da ya wuce.

Ranar da aka fara karanta wa Yaya tambayoyin ta yi shiru, sannan ta ce da ni, "Ashe ana tambayar wannan?" Tun da ciwon ya kama ta, kowa "ya jiki?" yake cewa, ita kuma ta ce "da sauƙi", domin haka aka tarbiyyantar da mu. Takardar nan ba ta karɓar "da sauƙi". A nan na ji daga bakinta cewa ta yi makonni ba ta barcin kirki, cewa tafin ƙafarta na yi mata kamar ana tsira allura, cewa abin da ya fi cin ranta shi ne autarta da aka bari wurin Inna. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban san rabin wannan ba. Kuma ba ajiye takardar suka yi a fayil ba. Likitar ta duba, ta rage ƙarfin maganin da ke taɓa jijiyoyin ƙafa, ta tura mu wurin mai ba da shawara kan abinci, ta tambaya ko Yaya na son ganin likitan kwantar da hankali.

A nan ne hidimar ta tsaya ga baƙo. Likitan kwantar da hankali na nan, amma da wane harshe mace za ta faɗi abin da ke zuciyarta game da nonon da aka cire da mijin da take tsoron ya ƙyamace ta? Tafintan da kamfanin ya ba mu yaro ne ɗalibi, Bahaushe mai ladabi, bai kai ɗan Yaya na fari da yawa ba. Mun roƙi mace tun kafin mu tashi, aka ce an tanada, da muka iso aka ce babu. Yaya ba za ta iya buɗe baki a gabansa ta yi maganar al'ada ko kwanciyar aure ba, shi ma kansa sunkuyar da kai yake yi. Tambayoyi da yawa sun mutu a bakinta saboda kunya. Malamar nan kuwa tana da ƙungiyar mata masu irin ciwon da suke haɗuwa, suna gaya wa juna inda ake samun rigar mama mai ciko da yadda ake ɗaura ɗankwali idan gashi ya zube. Ta gayyaci Yaya da zuciya ɗaya. Muka je, aka rungume ta, aka cika ta da kayan zaƙi, amma hira ba ta yiwu ba.

Sai zancen gida. Dattijuwar Trabzon ta ce ranar da ba ta iya tashi, ma'aikatan lafiya ke zuwa har ɗakinta su wanke ciwo, su ɗebi jini, su canja robar fitsari. Ma'aikatar lafiyarsu ta fara wannan hidima ta zuwa gida a 2010, a shekarar kuma ta ƙaddamar da shirin kula da waɗanda ciwonsu ya yi nisa, inda aka buɗe sassa na musamman a asibitoci don rage raɗaɗi da sauƙaƙa wa mutum kwanakinsa. Maganin ciwo mai ƙarfi irin mofin a jar takarda ake rubuta shi, ana sa ido a kansa sosai, amma mai buƙata na samu. Ƙasar ma tana noma tsiron da ake yin sa bisa doka a yankin Afyon. Mu a nan, saboda bala'in shaye-shayen da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mutane sun tsorata da duk wani maganin ciwo mai ƙarfi, har iyali kan hana mara lafiyarsu sha wai kada ya saba. Na ga maƙwabciyarmu ta rasu tana cizon matashi don kada yara su ji kukanta. Wannan ba haƙuri ba ne da addini ya ɗora wa kowa, rashin magani ne da rashin sani, kuma yana ƙona mini rai duk lokacin da na tuna.

Wani abu kuwa da muka yi tarayya da su shi ne ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonsa. Ɗan direban nan ya taɓa yi mini alama da ido, daga baya ya gaya wa tafinta cewa babansu ya ɗauka ciwon huhu ne na sanyi, kada a ambaci sunan a gabansa. Dattijon na zaune a zauren kemo, gashinsa ya zube, kuma ina da yaƙinin ya sani, yana dai tausaya wa 'ya'yansa ne kamar yadda suke tausaya masa. Mu ma mijin Yaya ya kira ni a waya ya ce, "Ki gaya wa likita kada ta faɗa mata komai, ke dai ki ji." Likitar ta ƙi. Ta ce za ta tambayi Yaya iya abin da take son ji. Yaya ta ce, "Jikina ne, ku bar ta ta faɗa mini." Aka faɗa mata matakin da ciwon ya kai da komai. Ta yi kuka a ranar, washegari ta kira matan da ke mata aikin gumi ta raba musu ragamar sana'ar, ta faɗi wanda ke binta da wanda take bi. Ina ganin likitar ta yi daidai. Wanda aka ɓoye wa ba ya iya shirya komai, kuma shi kaɗai yake kwana da tsoronsa.

Na ga abin baƙin ciki a ƙofar asibitin: maza tsaye cikin sanyi suna busa sigari, wasu ma masu jinyar mai ciwon huhu ne. Tun 2009 aka hana shan taba a cikin gidajen abinci da na shayi a ƙasar, amma har yau sankarar huhu ce kan gaba a mazansu, ta mama kuma a mata.

Ita malamar firamaren ba ta ji ciwo ba kafin a gano nata. Suna da cibiyoyin gwamnati da ake kira KETEM, inda ake awo kyauta: hoton nono ga mata 'yan shekara 40 zuwa 69 duk bayan shekara 2, awon bakin mahaifa ga 'yan 30 zuwa 65 duk bayan shekara 5, awon hanji ga maza da mata 'yan 50 zuwa 70. Likitan unguwarsu ne ya tura ta. Aka ga abin tun yana ƙarami, aka cire shi kaɗai aka bar mata nononta. Yaya kuwa duka aka cire, har da kaluluwar hamata, shi ya sa hannunta ke kumbura yanzu. Babu na'urar da ke Santambul da za ta iya mayar mana da watannin da aka ɓata ana shafa magani a gida. Mu a Kebbi ba za mu ce ba a gaya mana ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi shekaru tana wannan kira ta gidauniyarta ta Medicaid, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC. Tun 2023 kuma ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa kyauta. 'Ya'yana mata an yi musu, kuma ni ma na je an duba ni bayan mun dawo.

Kamfanin dillancin, ban da zancen tafinta, ya kama mana gida a hawa na huɗu a ginin da ba shi da lif, alhali sun san tiyata za a yi. Bayan aiki Yaya na hawa tana hutawa a kowane bene, robar da ke janye ruwan ciwo na rataye a gefenta. Kuɗin da suka rubuto mana tun muna gida bai ƙunshi magungunan da ake saya a kemis ba, bai ƙunshi allurar ƙara ƙwayoyin jini ba, bai ƙunshi kwanciyar gaggawa ba, kuma da dala ake lissafi, ga naira ta faɗi warwas tun tsakiyar 2023. Kafin mu biya, waya ɗaya ake ɗauka. Bayan mun biya sai a yi ta kira. Daga baya na gano asibitin na da ofishinsa na baƙi 'yan ƙasashen waje, ana iya tura musu takardu kai tsaye su aiko da kiyasi da wasiƙar neman biza ba tare da ɗan tsakiya ba. Tun 2017 dokar Turkiyya ta wajabta wa asibiti da kamfanin da ke kawo marasa lafiya daga waje su mallaki takardar izini daga ma'aikatar lafiya. A nemi ganinta kafin a tura ko sisi. A kuma sa su rubuta abin da kuɗin bai ƙunsa ba, wannan ya fi muhimmanci a kan abin da ya ƙunsa.

Abinci ma jinya ne. Miyar adas, burodi, zaitun, cuku da kindirmo suna da kyau ga mai lafiya, amma bakin da kemo ya ɗaɗe, harshe ya yi ƙuraje, ba ya karɓar baƙon abinci. Allah ya sa Inna ta cusa mana kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya da garin kunu a jaka. Da suka ƙare sai na hau jirgin ƙasan Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku in tsallaka ɓangaren Turai, wajen Aksaray, inda 'yan Afirka ke da shaguna. Ranar da na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, Yaya ta cinye malmala guda, abin da ta yi makonni ba ta yi ba. A kama gida mai kicin, kada a yarda da otal.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne kaɗaici. Lokacin sanyi muka yi, rana na faɗuwa da wuri, ruwa ba ya ɗaukewa, Yaya ba ta fita sai asibiti. A gida da ɗakinta ba zai rabu da mutane ba, wannan ta kawo fura, waccan ta zauna tana matsa mata ƙafa, malam ya zo ya yi addu'a, yara na shiga suna fita. A can waya ce kawai. Turkawan nan suna da duk wannan a kusa, dattijuwar jikokinta ke rako ta, direban abokansa na gidan shayi ke zuwa ɗaukarsa. Sau ɗaya na ga fuskar Yaya ta washe sosai, ranar da muka kai ziyara masallacin Eyup inda kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari yake. Ta daɗe tana addu'a, ta ce ranar ce ta ji ba a asibiti take ba.

Da muka zo tafiya suka ba mu rahoto da Turkanci, sai da na dage aka fassara shi zuwa Turanci don likitocin gida su iya karantawa, aka sa hotunan a faifai. An yi mana alkawarin za a riƙa bibiya ta WhatsApp. Ana amsawa, amma a makare, kuma amsar kullum ita ce a ga likita mafi kusa. Gaskiyarsu ce, ba a duba kumburin hannu ta waya. Wanda ya je ya dawo ba tare da ya ƙulla da likita a gida ba, ya yi kamar manomin da ya sayo injin ban ruwa bai haƙa rijiya ba. Mu mun koma wurin likitan da ya fara ganinta a Sakkwato, ya karɓe mu ba tare da gori ba, shi ke duba ta yanzu. Ƙwayar tamoksifen da take sha kullum ana samunta a nan.

Ga wanda ke tambayata ko ya je: idan likitanka na gida ya ce akwai wani aiki takamaimai da ba a yi a nan, ko jiran zai cutar, kuma za ka iya biya ba tare da iyali sun rasa abin da za su ci bayan an dawo ba, to ka je, aikinsu mai kyau ne. Ka yi abin da ya kai ka, ka roƙi a rubuta maka sauran tsarin, kemo da yawa ana iya ƙarasa shi a gida kusa da 'ya'yanka. Idan kuwa an gaya maka ciwon ya bazu, abin da ya rage shi ne rage raɗaɗi, ina roƙonka kada ka sayar da gona ka kai tsohuwarka ta ƙare kwanakinta a hawa na huɗu cikin sanyi. Ka kashe kuɗin a kan maganin ciwo na gaske, da nas da za ta riƙa zuwa gida, da katifa mai kyau, da abincin da ranta ke so. Ka fara tambaya a asibitin koyarwa game da asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 don sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, wato prostate, ka kuma yi rajistar inshorar lafiya ta jiha wato KECHEMA tun kafin ciwo ya zo.

Yaya ta koma sa ido a kan sana'arta, ko da yake ba ta ɗaga buhu, ba ta kuma tsayawa kusa da wuta. Safar hannu mai matsewa da muka sayo a can ta fara saki, ina neman inda za a samo wata da mai gashin ƙashi da ya iya tausar irin wannan kumburi a nan Birnin Kebbi. Tambayoyi 30 ɗin nan kuma na rubuta su da Hausa a littafi, duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan karanta mata, abin da ta amsa da 3 ko 4 shi muke kai wa likita.